Tankin ruwan batir yana karkacewa da zarar mun ɗaga shi

Assalamu alaikum, masu aikin ɗaga kaya. Muna son matsar da tankin ruwan batir mai cin lita 2,000, rabi ne a ciki, amma ruwan kaɗai ya haura tan 1. Da ya bar ƙasa kamar taƙi ɗaya, sai ruwan ya koma gefe guda, tankin ya karkace, sarƙa biyu su yi sako-sako, sauran biyun su ɗauke nauyin duka.

Mun tsawaita sarƙoƙin har kusurwar da ke tsakanin sarƙa da saman tankin ta kai digiri 60, mun daidaita ƙugiya a tsakiya, mutum biyu suna riƙe da igiya daga nesa. Duk a banza. Famfonmu kuwa ba ya jure asid.

Shin sandar ƙarfe mai raba sarƙoƙi za ta hana karkacewar, ko dole sai an zuƙe ruwan tukuna?