Yaronmu kurma ya shekara biyu a aji ɗaya, ina mafita?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina kula da yara a wani gidan marayu a nan Tawa, kuma akwai wani yaro mai shekara 9 da al'amarinsa ya hana ni barci. Kurma ne tun yana jariri. Mun sa shi lakwal tare da sauran yara, yanzu shekara biyu ke nan yana ajin CI, wato ajin farko na firamare. Mushensu yana iya ƙoƙarinsa, amma yara sun cika aji maƙil, ga darasi da Faransanci, shi kuwa bakin mushe kawai yake kallo.

Ba daƙiƙi ba ne, wallahi. Yana kwafe duk abin da ke kan allo da kyakkyawan rubutu, sai dai bai san ma'anarsa ba. Ranar nan ya rubuta sunansa a ƙasa da tsinke, ya nuna ƙirjinsa yana dariya. Har ƙwalla na yi.

An ce mu kai shi makarantar kurame ta Yamai, to tafiyar ta fi kilomita 500, ba mu da mai riƙe shi can, takardar haihuwa ma ba shi da ita.

Don Allah, wa ya san mai koyar da maganar hannu a Tawa? Ni ma ina so in koya. Kuma maraya irinsa, ta yaya ake samo masa takardar haihuwa a kotu kafin komawa lakwal a Oktoba?