Neman shawara: rubuta hamonik a celo

Ɗan Samaru: Jama'a ku taimaka. Celo ɗin nan (babban gogen Turawa mai tsirkiya 4) na kawuna ne, shekara 8 yana kan wadirof kafin ya bar min, sai da na saida keke na sayi tsirkiya daga Legas. To ƙanwata za ta yi aure a Wusasa nan da sati 2, na tsara mata ɗan kiɗa a manhajar rubuta kiɗa ta MuseScore da hamonik a ƙarshe, sautin nan mai kama da fito da ake samu in an taɓa tsirkiya ba a danne ta ba. Na rubuta sautin G na ɗora masa ɗan da'ira. Abokina da zai kaɗa ya gwada jiya, wani sauti dabam ya fito. Ko barci ban yi ba.

Tsohon Mai Kwaya: A wace tsirkiya? Ba ka faɗa ba. Na san a tsirkiyar D kake nufi, ka taɓa gurbin G. Wannan rubu'in tsirkiya ne, D zai fito, oktef 2 sama (oktef shi ne tazarar D zuwa D na gaba). Shi kuwa da'ira cewa take ga sautin da za a ji, shi ya sa abokinka ya tafi tsakiyar tsirkiyar G ya ba ka G ɗinka. Bai yi laifi ba. Gurbin taɓawa da alamar sauti mai siffar daimon ake rubuta shi, ka sa sunan tsirkiyar. Shekara 30 ina wannan abin, yaro.

Ɗan Samaru: Baba, na gode, amma ni a bidiyo na ga da'ira, kuma daimon ɗin yana ɓata min shafi.

Maman Biyu: Ƙanena kai ma kana da celo mai lafiya. Nawa hunturun bara ya tsaga masa ciki, duk Sabon Gari na rasa mai gyara, kafinta ya cika shi da gam.

Mai Goge: Ku bar takarda. Mu ba ma danne tsirkiya tun asali. Abokin naka ya ƙara ƙaro, ya matso da bakan gogawa kusa da jaki (ɗan icen da ke tallafe tsirkiya), ya ja da sauri. Ka nuna masa da hannu kawai.

Tsohon Mai Kwaya: Ran biki in abokin ya yi zazzaɓi fa? Wa zai nuna wa wani? Daimon, na ce.

Ɗan Samaru: Ai na riga na buga kwafi 6. In ƙara da biro ne ko yaya?

Maman Biyu: Wai a Kaduna akwai mai gyara?