Shawarwari Kan Sassauta wa Masu Ƙananan Laifuffuka a Seattle

Waɗannan shawarwari sun fito ne daga wata tattaunawa kan wani shiri mai suna LEAD da aka fara a unguwar Belltown ta birnin Seattle a Amurka a 2011, inda ɗan sanda kan haɗa mai ƙaramin laifin ƙwaya da ma'aikacin jin daɗin jama'a, ya nema masa magani da wurin kwana maimakon a gurfanar da shi gaban kotu.

Shawarar da ta fi nauyi ita ce a bayyana wa jama'a ƙarara laifuffukan da shirin ya shafa, domin mutane kan amince da sassauci ga mai shaye-shaye, amma hankalinsu ba ya kwanciya idan suka zaci har ɗan fashi za a saki. Mai shagon da yake tarar da mutum kwance a ƙofarsa kowace safiya, so yake ya san wanda zai kira, saboda haka aka ce a ba irinsa lambar ma'aikacin unguwar. Wasu kuma sun yi gargaɗi, ina ganin da gaskiyarsu, cewa barin zaɓi a hannun ɗan sanda kaɗai na iya haifar da son kai, don haka a riƙa bibiyar waɗanda ake turawa da waɗanda ake tsarewa.