Abin da matafiya suka ce game da binciken filin jirgi

Hira ta barke a zauren wani dattijo da ya dade yana kai-komo tsakanin Kano da Jidda, kowa ya kawo tasa shawarar.

Shi dattijon cewa ya yi kowace doka akwai abin da ya haife ta. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 Amurka ta kafa TSA, hukumar da ke binciken matafiya a filayen jirgin samanta. Cire takalmi ya samo asali daga Richard Reid, wanda ya boye bam a takalminsa a Disambar wannan shekarar. Takaita ruwa zuwa mililita 100 kuwa, makircin tayar da bama-bamai na ruwa a jiragen sama da aka bankado a Ingila a 2006 ne ya jawo shi. Na'urar haska jiki ta yadu bayan yunkurin Umar Faruk Abdulmutallab na tayar da bam a jirgin sama a 2009.

Saboda haka turare da man shafawa masu yawa a zuba su a babban akwati. Kwalbar da ta wuce kima, ko saura kadan ne a ciki, karbewa ake yi, kana ji kana gani. Batirin cajin waya kuma akasin haka, a jakar hannu yake tafiya. Maniyyata su bar goro a gida, Saudiyya ba ta yarda da shi.

Inda aka fi dadewa shi ne batun sako. Wata hajiya ta dage cewa ko na dan uwa ne, a bude a gabanka, domin sunanka ke jikin jakar. An dan yi mata gardama, wai kunya, amma ba wanda ya kawo hujja.