Shawara kan sabunta manhaja ga masu ƙera kaya a Second Life

Maiɗinki: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan ina ƙera babbar riga da hula ina sayarwa a Second Life, duniyar nan ta cikin kwamfuta da mutane ke shiga ta intanet. A makon jiya na koma sabuwar manhajar kallo, wato wadda ake shiga duniyar da ita, sai na tarar shaddar da nake gani da sheƙi ta koma fari fat, aikin wuyan ma ya dushe. Ina neman shawara: in ci gaba da sabuwar, ko in koma tsohuwar har in gama kayan da ke hannuna?

Malamin zane: Wa alaikumus salam, Malam. Rigarka ba ta lalace ba, yadda ake lissafin haske ne ya sauya. A ƙarshen 2023 kamfanin Linden Lab, mai Second Life, ya shigo da tsarin PBR, wanda ke auna yadda haske ke sauka a kan abu gwargwadon kaushinsa da kuma ko ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba, manhajar kallo ta Firestorm da yawancinmu ke amfani da ita kuma ta bi sahu a 2024. Mu da muka saba zana inuwa da sheƙi a jikin hoton yadi da kanmu, yanzu haske biyu ne ke haɗuwa, wanda muka zana da wanda manhaja ke ƙarawa, shi ya sa farin ke yin yawa. Shawarata ita ce ka sake fitar da yadin daga Blender, manhajar sassaƙa siffofi, ba tare da zanannen sheƙi ba, ka yi masa lulluɓi na glTF, wato nau'in fayil ɗin da tsarin PBR ke amfani da shi, ka ɗaga ma'aunin kaushi sosai domin yadi ba gilashi ba ne, sa'an nan ka bar na ƙarfe a sifili in ban da wurin zaren zinare. Kada kuma ka cire tsohon hoton da ke ƙarƙashi, domin wanda ke kan tsohuwar manhaja wannan hoton kaɗai zai gani.

Hajiya mai gine-gine: Malamin zane ya yi gaskiya, amma ni ba zan ba ka shawarar sauya kayan aiki a tsakiyar aiki ba, ƙanena. Tun 2011 da aka fara karɓar siffofin mesh, wato waɗanda aka sassaƙa a wata manhaja daban, nake wannan sana'a, na ga zuwan Bento a 2016, wanda ya ƙara wa mutum-mutumin mai wasa ƙasusuwa, na ga Bakes on Mesh a 2019, wanda ya ba da damar shimfiɗa hoton fata da tufa a jikin mesh, kuma kowane karo waɗanda suka sha wahala su ne masu gaggawa. Abin da nake yi shi ne in ajiye manhajar kallo biyu a kwamfuta, in duba kowane abu a cikinsu duka kafin in kai shi kasuwa. Mafi muhimmanci kuma, ka riƙa gwaji a Aditi, wato filin gwajin da aka ware daban da babban filin Agni, inda kuɗin ɗora kaya ba ya taɓa ainihin dalar Linden ɗinka, wato kuɗin cikin Second Life. Lokacin da na gina zaure mai zankwaye da dagi a goshinsa, sau tara na ɗora shi a can kafin launin jar ƙasar ya zauna yadda nake so.

Maiɗinki: Na gode, Hajiya, Allah ya ƙara girma. To Blender fa, shi ma in dakata da sabunta shi?

Hajiya mai gine-gine: Ka tsaya a kan fitowar da aka yi wa alamar LTS, irin su 4.2, domin ana ci gaba da gyara ta tsawon shekara biyu ba tare da an sauya maka wuraren da hannunka ya saba ba. Idan kana da ƙarin kayan aikin ɗaure tufa a jikin ƙashin mutum-mutumi, ka tabbatar sun dace da sabuwar fitowa kafin ka taɓa komai.

Ɗalibi: Ina roƙon iyayena su ba ni dama in ƙara abu ɗaya da ya shafi data. Mutane da yawa suna share ma'ajiyar wucin gadi ta manhajar kallo duk lokacin da suka sabunta, alhali hakan na tilasta wa kwamfuta ta sake sauke dukkan hotunan da ta riga ta adana. Idan kuma kwamfutar ta fara zafi, a rage nisan gani, a kashe madubai da inuwa a cikin saitin manhajar kallo, za a ji bambanci nan take. Ga mai son koyon gini ba tare da intanet ba, OpenSimulator, manhajar kafa duniya irin ta Second Life, kyauta ne, kuma yana tashi a kan kwamfutar mutum.

Malamin zane: Madalla da kai. Malam Maiɗinki, ka fara da hula ɗaya a Aditi, ka dube ta da hasken rana tsaka da na almuru, ka turo mana hotunan biyu mu ga inda ma'aunin kaushin ya tsaya.