Na gaji gonar baba a wajen Tibiri, ta ina zan fara?

Ɗan Tibiri:
Salamu alaikum ƴan uwa. Allah ya yi ma baba rasuwa bara, ya bar min gona da awaki 3, ni kuma a birni na tashi, ko hauya ban iya riƙewa da kyau ba. Ina son gidana ya ci daga gonar nan mu daina awon hatsi a kasuwa, amma ƙasar ta gaji sosai, duk rairayi ne. Don Allah ku ba ni shawara.

Tsohon Manomi:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan shi. Abu na farko kar ka yarda a sare maka kututturan da ke tohowa, ka zaɓi rassa 2 ko 3 masu ƙarfi ka sassabe sauran, haka muka maido da itace a gonakinmu nan Maradi tun shekarun 1980. Gawo kuwa ka riƙe shi da kyau, da damina yake zubar da ganye, hatsin ƙarƙashinshi ya fi ko'ina kyau, ƴaƴan kuma awakinka su ci da rani.

Maman Yara:
Ƙanena in jajayen awakin nan namu ne kar ka saida ko ɗaya wallahi, suna yawan haifar tagwaye ga nono. Ka haɗa hatsi da wake, harawar ka ɗora bisa rumfa, kashin awakin kuma ka tara ka kai gona kafin ruwan fari.

Ɗan Tibiri:
Na gode yaya. To waken fa, ƙwari ba za su cinye shi ba?

Maman Yara:
Ka shanya ya bushe ƙamas, ka zuba a buhun PICS, wato buhun ajiyar hatsi mai leda biyu a ciki masu hana iska shiga, kowace ka ɗaure ta daban tam, ba sai ka sa magani ba.