Ina neman Hausar "glitch" kafin daren Juma'a, jama'a a taimaka

Ɗan Rediyo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ranar Asabar da safe zan gabatar da shirin matasa, kuma wannan makon wasannin bidiyo za mu taɓa, musamman irin waɗanda ake kira RPG, wato role-playing game, inda ɗan wasa ke taka rawar wani jarumi a cikin labari. Shugaban sashenmu ya ce kada ya ji na cika shirin da Turanci, don iyaye ma suna saurare. Kalma biyu suka tsaya mini a wuya: glitch, wato matsalar da ke sa wasa ya yi abin da ba a tsara ba, da RPG ɗin kansa. Misalin da zan kawo shi ne Cyberpunk 2077, wanda ya fito a Disambar 2020 da matsaloli jingim, har Sony ta cire shi daga kantin PlayStation ta mayar wa mutane kuɗinsu, bai koma ba sai Yunin 2021. Me zan kira abin da ya same shi? Daren Juma'a zan miƙa rubutun.

Autan Gida: Tangarɗa. A rufe zance.

Mai Gidan Gem: Auta, yaran da ke zuwa shagona ba mai cewa tangarɗa. In hoto ya tsaya cak, sai su ce gem ya ƙame ko ya yi hangin. In mutum ya nutse cikin bango, ko mota ta tashi sama ba dalili, sai ka ji ihu, "gem ya zare!" Ɗan Rediyo, in matasa kake so su gane ka, ka ce ya zare.

Malamin Nahawu: Wa alaikumus salam. "Ya zare" zancen bakin tasha ne, ba a hawa iska da shi. Kuma aikatau ne, shi kuwa suna yake nema. Zai ce "zarewa uku aka samu a wasan"? Ga tawa shawarar: subul da tsari. Muna da subul da baka, wato mutum ya yi nufin faɗin wani abu, bakinsa ya kuɓuce ya faɗi wani. Haka manhaja take yi: an tsara ta ta yi kaza, ta kuɓuce ta yi wani abu dabam. Ginin kalmar namu ne, ba aro a ciki ko ɗaya. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina ita.

Autan Gida: Allah gafarta Malam, to jam'inta fa? Subul-subul da tsare-tsare?

Malamin Nahawu: Ɗana, ba kowane suna ke buƙatar jam'i ba. Ka taɓa jin jam'in subul da baka?

'Yar Damagaram: Kafin ku yi nisa, ni a ganina abu biyu kuke cusawa cikin kalma ɗaya. Na Cyberpunk tangarɗa ce tsantsa: ka biya kuɗinka, wasa ya mutu a hannunka, mutane su tsaya a titi hannu a miƙe ba motsi. Wannan ba wanda yake so. Amma akwai wanda 'yan wasa ke nema da gangan. A wasan Pokémon Red da Blue, inda ake kama wasu dabbobi, in ka je wajen tsohon nan na garin Viridian City ya nuna maka yadda ake kamu, sannan ka tashi zuwa tsibirin Cinnabar ka bi gaɓar gabas ta ruwa, wata halitta mai ruɓaɓɓen hoto za ta fito, MissingNo. Dalili shi ne wasan yana ajiye sunan ɗan wasa na ɗan lokaci a gurbin da yake ajiye jerin dabbobin daji, kuma a gaɓar nan ba ya share gurbin, sai ya karanta haruffan sunanka a matsayin dabbobi. Da ka haɗu da ita, kayan da ke na shida a jakarka sai su ƙaru da 128. Yara sun yi ta koya wa juna wannan tun kafin kowa ya sami intanet a aljihu. Wa zai kira wannan tangarɗa? Ba abin da ya tsaya, arziki ma aka samu.

Ɗan Rediyo: Anti, kin ƙara mini aiki. To me zan kira na biyun?

'Yar Damagaram: Ɓaraka, ko kafa. Masu ɗinkin wasan sun bar ɓaraka, mai wayo ya zura hannu.

Mai Gidan Gem: Kafa ta fi zama. "Ya samu kafa." Kamar a Skyrim, ka kifa wa mai shago bokiti a ka, ya daina ganinka, ka kwashe masa kaya yana tsaye. Amma ƙaton nan da in ya maka maka kulki sai ka tashi sama har ka hango duniya a ƙasa, tun 2011 yake nan, shi ba kafa ba ne, don ba ka ƙaru da komai ba sai dariya. Shi kam zarewa ce, Malam ya yi haƙuri.

Malamin Nahawu: Duk misalan nan da kuka kawo subul da tsari ne. Kun ga amfanin kalmar ke nan, ta ɗauke su duka.

Ɗan Zango: Gaisuwa daga Kumasi. Me ya hana mu ce ƙwaro kawai? Masu rubuta manhaja bug suke cewa, kuma akwai labarin 1947, da aka ciro wani ƙwaro mai fiffike daga cikin kwamfutar Mark II a Harvard aka manna shi a littafin aiki.

Autan Gida: Yaya, ka ce a rediyo "gem ɗin yana da ƙwari", gobe wata uwa ta fesa wa PS ɗin ɗanta fiya-fiya.

Malamin Nahawu: Wannan shi ne abin da nake yaƙi da shi kullum, a ɗauko Turanci a sa masa hula a ce Hausa ce. Ko su Turawan, kalmar ta girmi wancan ƙwaron, tun zamanin Edison injiniyoyi ke faɗinta. Tarihinsu ne, ba namu ba.

Na Sakkwato: Malam, wanga faɗan naka da aro ban gane mai ba. Littafi daga ina ta hito? Asibiti fa, da tebur, da bokitin da Mai Gidan Gem ya kifa ma mai shago? Kai kanka "manhaja" ka rubuta. Da can manhaja tsarin karatun makaranta ce, kuma daga Larabci ta zo, 'yan jarida suka ja ta har ta zama abin da ke cikin waya. An ce muna na'ura mai ƙwaƙwalwa, yau kowa kwamfuta yake cewa. In yara sun ce gilici, a bar su. Kuma kullum in za a yanke kalma sai a yanke ta da Kananci, a ce ita ce daidaitacciya, mu sauran mu bi.

Malamin Nahawu: Wa ya kawo Kano a nan? Ni ba Bakano ba ne ma.

Na Sakkwato: Amma ƙa'idar da kake karewa tasu ce.

'Yar Damagaram: Ku dai 'yan Najeriya. Mu a nan Faransanci ne a kanmu, kuma su ma an ƙirƙiro musu bogue a hukumance, amma yaransu bug ɗin suke faɗi, har sun yi masa aikatau. Ba a kan Hausa aka fara ba. Sai dai ni ban goyi bayan gilici ba, don ban taɓa jin wani ya faɗe ta ba sai yau a bakin Na Sakkwato.

Malamin Nahawu: Madalla da 'yata. Harshen da miliyoyin mutane ke yi daga Agadas zuwa Kumasi ba zai rasa kalmar kuskuren na'ura ba, sai dai masu shi su yi ƙyuya.

Ɗan Rediyo: Jama'a, don Allah. Lokaci na tafiya kuma ba a taɓa RPG ba. Tsorona da tangarɗa ɗaya ne: tun zaɓen 2023 da hukumar zaɓe ta ce tangarɗar na'ura ce ta hana ɗora sakamako a intanet, in ka faɗi kalmar a rediyo sai masu kira su juya shirin ya koma siyasa.

Autan Gida: Ai shi ya sa ta dace. Kowa ya san ma'anarta yanzu, har kakata.

Ɗan Zango: Na RPG kuwa, wasan taka rawa.

Mai Gidan Gem: A'a! Iyaye za su ɗauka gem ɗin rawa ne, su hana yara zuwa shagona.

Malamin Nahawu: Kuma wasan kwaikwayo an riga an ba dirama. Asalin abin, in ban da kuna gaggawa, ba a na'ura ya fara ba. Dungeons & Dragons na 1974 a kan tebur ake yin sa, da takarda da ɗan lido, mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda ya zama shi. Mu ma muna da irin wannan a tashe, yaro ya sa gemun auduga ya zama tsoho. Ni zan ce wasan shiga riga, ka shiga rigar wani ka yi rayuwarsa.

'Yar Damagaram: Wannan kam ta yi daɗi, Malam, ta fi subul ɗin nesa ba kusa ba. Sai dai a FIFA ma rigar wani kake shiga. Abin da ya raba RPG da sauran shi ne jarumin naka yana girma: ka fara da sanda, ka ƙare da takobin da ke sare dodo, kuma zaɓin da ka yi yana canza labarin. A The Witcher 3 abin da ka faɗa wa Ciri, 'yar riƙon jarumin, a tsakiyar wasa shi ke yanke yadda ƙarshenta zai kasance. Ni da wasan rainon jarumi zan ce.

Autan Gida: Raino kuma? Sai ka ce goyo za a ba mu.

Mai Gidan Gem: Ɗan Rediyo, ko me ka kira shi, ka ba yara shawarar abin da na'urarsu za ta iya ɗauka. Kada ka ce musu Baldur's Gate 3 ko Elden Ring, kwamfutocin da ke hannunsu ba za su ja ba. Chrono Trigger na 1995 yana nan a waya, Stardew Valley ma haka, kuma ba ya cin data. Genshin Impact kyauta ne amma zai cinye wa yaro data da wurin ajiya. Mai tsohuwar laftof ya nemi Skyrim na asali.

'Yar Damagaram: Ka sa Aurion a ciki, na kamfanin Kiro'o Games da ke Yawunde, 2016 ya fito. Masu sauraro su san maƙwabtanmu na Kamaru sun yi nasu. In kuma kana son labarin da zai riƙe iyaye, ka ba su na World of Warcraft, wasan da jama'a da yawa ke bugawa tare a intanet, a Satumbar 2005: wata cuta da aka tsara don kogon dodo ɗaya ta bi dabbobin 'yan wasa ta shiga birane, ta yi ta kashe masu ƙaramin ƙarfi, har masana annoba suka yi rubutu a kai.

Malamin Nahawu: Subul da tsari ke nan ƙarara.

Ɗan Rediyo: To ga abin da zan rubuta. Wadda ke ɓata wasa, tangarɗa. Wadda ake cin moriyarta, kafa. RPG zan faɗe shi da haruffansa sau ɗaya, in bi shi da "wato wasan shiga rigar jarumi", in haɗa ta Malam da ta Anti. Subul da tsari zan ambace ta a matsayin shawarar wani malami, masu sauraro su yi hukunci.

Malamin Nahawu: Ban gamsu ba. Tangarɗa ta yi faɗi da yawa, ko injin markaɗe yana yin ta. Amma tunda za ka ambaci tawa, ka faɗe ta daidai, subul, ba subur ba.

Na Sakkwato: Ni dai in na kira waya gilici zan ce.

Ɗan Zango: Mai Gidan Gem, Skyrim ɗin nan zai tashi a laftof mai RAM 4?